Juma'ar da allon kwamfutocin asibitin Ingila ya koma ja: nazari kan harin WannaCry

Ranar Juma'a 12 ga Mayun 2017, tun kafin azahar, ma'aikatan asibitoci a sassa daban-daban na Ingila suka fara kiran masu gyaran kwamfuta da kuka iri ɗaya. Allo ya koma ja, ga hoton kwaɗon kulle ƙofa a gefe, ga agogo biyu suna ƙirga lokaci yana raguwa. Saƙon da ke tsakiya kuwa bai yi wani kwana-kwana ba: an kulle fayilolinka, ka biya dala 300 ta kuɗin intanet na Bitcoin cikin kwana uku, in ka wuce wa'adin kuɗin ya koma 600, in mako ya cika ba ka biya ba ka yi sallama da su. Har da wurin zaɓen harshe aka tanada, harsuna kusan talatin, don kada wani ya ce bai gane abin da ake nema a wurinsa ba.

Likita ya zauna zai duba tarihin majiyyaci, babu. Sakamakon gwajin jini ya maƙale a ɗakin gwaji. Wasu asibitocin da cutar kwamfutar, mai suna WannaCry, ba ta ma kama ba, da suka ji labari, suka kashe na'urorinsu da hanyar imel don tsoro, aka koma biro da takarda, ma'aikata suna aika wa juna saƙo ta WhatsApp a wayoyinsu na kansu. Da ƙarfe huɗu na yamma hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta ayyana lamarin a matsayin babban bala'i. A wurare biyar sai da aka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitoci.

Ba asibiti aka nufa ba, kuma ba Ingila kaɗai abin ya faɗa wa ba. A Sifaniya, kamfanin sadarwa na Telefónica ya umarci ma'aikatansa su kashe kwamfutocinsu nan take. A Jamus, allunan da ke nuna lokacin tashin jiragen ƙasa na Deutsche Bahn suka koma nuna saƙon neman fansa, fasinjoji suna ɗaukar hoto. Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa na Faransa, Nissan ya tsayar da nasa a Sunderland. Ma'aikatar harkokin cikin gida ta Rasha ta ce kwamfutocinta kusan 1,000 ne suka kamu. A Sin, ɗaliban jami'a da ke dab da miƙa kundin kammala karatu sun tarar da shi a kulle, wasu gidajen mai kuma suka daina karɓar komai sai kuɗin hannu. Zuwa Lahadi, shugaban rundunar 'yan sandan Turai ta Europol, Rob Wainwright, ya ce waɗanda abin ya shafa sun haura 200,000 a ƙasashe aƙalla 150.

Ta ina ta shiga?

Yawancin cututtukan kwamfuta da muka saba da su sai an buɗe masu ƙofa da hannu. Wani ya turo maka imel da takardar bogi ka latsa, ko ka soka filashin da ya yi yawo a shaguna goma. WannaCry ba ta jira kowa ya latsa komai. Irin manhajar nan ce da masana ke kira tsutsa, wato mai rarrafawa da kanta daga wannan kwamfuta zuwa waccan.

Windows na da wani tsari mai suna SMB, wanda da shi kwamfutocin ofis ke raba fayil da na'urar buga takardu a tsakaninsu. Tsarin yana sauraron baƙi a wata ƙofa mai lamba 445. Tsohon samfurinsa na farko, wanda asalinsa ya koma shekarun 1980, yana da wani aibi: in aka aiko masa da saƙo da aka ƙulla ta wata siga ta musamman, sai ya ruɗe ya miƙa wa mai saƙon ragamar kwamfutar baki ɗaya, ba tare da tambayar suna ko kalmar sirri ba. Kwatanta shi da gidan haya mai ɗaki talatin, an sa ƙaton kwaɗo a ƙofar zaure, amma duk ɗakunan da ke tsakar gida sakatarsu ta lalace. Ɓarawo ɗaya ya samu ya haura katanga, shi ke nan, ɗaki ɗaya bayan ɗaya.

Haka WannaCry ta riƙa yi. Da ta sauka a kwamfuta sai ta raba aiki biyu. Ɓangare ɗaya ya hau kulle takardu da hotuna da rumbun bayanai, yana liƙa wa kowane fayil wutsiyar WNCRY, yana kuma ƙoƙarin goge kwafin da Windows kan ajiye a ɓoye don dawo da abin da ya ɓace. Ɗaya ɓangaren ya hau ƙwanƙwasa ƙofa ta 445 a duk kwamfutocin da ke kan layin ofishin, da kuma adireshin intanet barkatai a faɗin duniya. Wadda ta amsa, ta kamu, ita ma ta fara ƙwanƙwasa wa wasu. Kullen kuwa na gaske ne, da lissafin ɓoye bayanai irin wanda bankuna ke amfani da shi, ba abin da mai gyara zai ce bari ya gwada wata dabara ya buɗe ba.

Mabuɗin da ya buɗe wannan ƙofa ba masu harin ne suka ƙera shi ba. Sunansa EternalBlue, kuma ya fito ne daga hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, NSA. Jaridar Washington Post ta ruwaito cewa hukumar ta yi sama da shekara biyar tana amfani da shi ba ta gaya wa Microsoft ba, don kuwa da ta faɗa za a toshe, ta rasa hanyar leƙe. Sai ga wasu da ke kiran kansu Shadow Brokers sun bayyana a watan Agustan 2016 suna tallar makaman kutsen hukumar da suka shigo hannunsu. Ranar 14 ga Afrilun 2017 suka zuba wani kaso a intanet kyauta, EternalBlue na ciki. Mako huɗu cif bayan nan WannaCry ta fito. Shugaban Microsoft Brad Smith, cikin fushi, ya kamanta abin da a ce an sace wa sojojin Amurka makamai masu linzami samfurin Tomahawk.

Kwana 59

Ga inda labarin ya fi ba ni takaici. Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan ɓarakar tun ranar Talata 14 ga Maris, cikin sabuntawar da ya saba fitarwa a Talata ta biyu ta kowane wata. Lambar facin MS17-010, kuma an yi masa alamar gaggawa. Daga ranar zuwa 12 ga Mayu kwana 59 ne. Duk kwamfutar da ta karɓi wannan sabuntawa, WannaCry ta zo ta ƙwanƙwasa ta wuce. Waɗanda suka kamu su ne waɗanda faci ya zo har ƙofarsu aka ce masa ya dawo gobe.

Hukumar binciken kuɗin gwamnati ta Birtaniya, NAO, ta fitar da rahoto a watan Oktoban shekarar, kuma ba ta rufa wa kowa asiri ba. Sashen fasaha na NHS ya aika wa asibitoci gargaɗi a Maris da Afrilu cewa su sa facin. Kafin harin an kai ziyarar duba tsaron kwamfuta ga rukunonin asibitoci 88 daga cikin 236, ko ɗaya bai ci jarrabawar ba, kuma sashen ba shi da ikon tilasta wa kowa gyara. Shugaban hukumar binciken, Amyas Morse, ya ce harin ba wani mai zurfin dabara ba ne, da an bi ƙa'idojin tsaro na yau da kullum da an kauce masa. A ƙarshe kusan kashi ɗaya cikin uku na rukunonin asibitocin Ingila ne abin ya taɓa, da ƙananan asibitocin unguwa 595. An ƙiyasta cewa an soke ganin likita da tiyata sama da 19,000, ciki har da aƙalla mutum 139 da aka turo cikin gaggawa bisa zargin ciwon daji. Ma'aikatar lafiya daga baya ta sa asarar a fam miliyan 92, mafi yawanta kuɗin gyaran na'urori.

Da sauƙi mutum ya ce sakaci ne, kuma akwai sakacin. Amma wanda ya taɓa riƙe kwamfutocin wata ma'aikata ya san yadda abin yake. Sa faci yana nufin kashe na'ura a sake kunnawa, asibiti kuwa ba ya rufewa. Na'urar ɗaukar hoton ciki da aka saya da miliyoyi tana tafiya ne da kwamfutar da kamfanin da ya ƙera ta ya ce kada a taɓa sai da izininsa. Wata tsohuwar manhajar ajiye bayanan majiyyata, an taɓa sabunta Windows ta ƙi tashi, tun daga ranar kowa ke tsoro. To sai a ce bari a gwada tukuna, bari a jira ƙarshen wata, bari oga ya sa hannu. Kowane uzuri a karan kansa yana da ma'ana. Tara su da aka yi ne ya cika kwana 59.

Akwai kuma wata magana da ta yaɗu a makon, wai tsohuwar Windows XP ce ta jawo. Jaridu sun yi ta yayatawa, musamman da yake Microsoft ya daina kula da XP tun Afrilun 2014, kuma a daren harin ya karya al'adarsa ya fitar mata da faci kyauta. Da ƙura ta lafa, kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky ya duba alƙalumansa ya ga kusan kashi 98 cikin ɗari na kwamfutocin da suka kamu Windows 7 ce a kansu, wadda a lokacin tana samun cikakkiyar kulawa kuma facinta na nan a ajiye. XP ma sau da yawa in tsutsar ta taɓa ta sumewa take yi kafin a kai ga kulle komai. Wato ba tsufa ne ya kayar da mutane ba, ƙin karɓar gyara ne.

Saurayin Ilfracombe

A wani ƙaramin gari na bakin teku a kudu maso yammacin Ingila, Ilfracombe, akwai wani saurayi ɗan shekara 22 mai suna Marcus Hutchins. A gidan iyayensa yake, daga ɗakin kwanansa yake yi wa wani kamfanin tsaro na Los Angeles, Kryptos Logic, aikin bin sawun miyagun manhajoji. A intanet ba a san shi da sunansa ba sai MalwareTech. Ranar ma hutu yake. Ya dawo daga cin abincin rana ya tarar da labari ya cika ko'ina, ya nemi samfurin tsutsar wajen wani abokin sana'a, ya sake ta a keɓaɓɓiyar kwamfutar gwaji yana kallon abin da za ta yi.

Ya lura cewa kafin ta fara komai sai ta nemi wani adireshin intanet, dogon suna marar ma'ana, kamar wanda kyanwa ta taka allon rubutu. Ya duba, ba wanda ya yi rijistar sunan. A sana'arsu wannan abu ne na kullum: in ka ga muguwar manhaja tana neman adireshin da ba shi da mai shi, sai ka saye shi, duk kwamfutar da ta kamu ta riƙa zuwa wurinka, ka ƙirga su ka ga inda suke. Ya biya dala 10 da santi 69. Lokacin ƙarfe uku na rana ta ɗan gota a agogon GMT.

Shi kansa bai san abin da ya yi ba. Hasali ma akwai ɗan lokacin da cikinsa ya ɗuri ruwa, don wani ya ce rijistar ce ma ke sa tsutsar ta fara kulle fayiloli. Sai da shi da wasu masu bincike, ciki har da Darien Huss na kamfanin Proofpoint, suka sake gwadawa, gaskiya ta fito akasin haka. An rubuta tsutsar ne da sharaɗi: ki nemi wannan adireshi, in ba a amsa ba ki ci gaba da aiki, in an amsa ki tsaya cak. Tun safe ba mai amsawa. Daga lokacin da Hutchins ya ɗora adireshin a kan na'urarsa, duk sabuwar kwamfutar da tsutsar ta sauka a kai, ta tambaya, aka amsa, ta kwanta.

Me zai sa mai hari ya saka wa makaminsa irin wannan birki? Bayani biyu aka fi kawowa. Ko dai birkin gaggawa ne da suka ajiye wa kansu suka yi sakacin sayen adireshin, ko kuma wayo ne da ya juye: kwamfutocin gwaji na masu bincike kan amsa kowane adireshi da ƙarya don su ga halin manhaja, saboda haka tsutsar ta ɗauka duk inda adireshin da babu shi ya amsa, to tarko ne, gara ta yi lamɓo. Shi Hutchins bayani na biyu ya fi karkata gare shi. Da ya sayi sunan, sai duniya gaba ɗaya ta zame wa tsutsar ɗakin gwaji.

Birkin bai buɗe fayil ko ɗaya da aka riga aka kulle ba, yaɗuwa kawai ya tsayar. Riƙe shi kuma ya zama yaƙi na kwanaki, domin wasu 'yan ta'adi sun yi ta yi wa adireshin ruwan saƙonni don su durƙusar da shi tsutsar ta farka. Hutchins da abokin aikinsa Jamie Hankins sun kwana a zaune ba dare ɗaya ba, har kamfanin Cloudflare ya shigo ya ɗauke masu nauyin. Ranar Lahadi wani sabon samfuri ya fito da wani adireshin daban, wani Bafaranshe mai bincike, Matt Suiche, ya yi maza ya saye shi ma.

Kuɗin fansa kuwa abin dariya ne in aka gwada da ɓarnar. Asusun Bitcoin uku kacal aka rubuta a cikin manhajar, kowa can zai biya, ba wata hanya ta kai-tsaye da za a gane wa ya biya wa bai biya ba. Kamar ɓarawon da ya kwashe akuyoyin gari ya ce kowa ya jefa kuɗi a rijiya ɗaya, ba rasit ba shaida. Tunda asusun Bitcoin a fili yake, kowa yana kallon abin da ke shiga. Biya ɗari uku da 'yan kai aka yi, jimilla Bitcoin 52 da ɗoriya, wajen dala 140,000 lokacin da aka kwashe su a farkon Agusta. Hukumomin Birtaniya sun ce babu asibitin NHS da ya biya. A Disamban 2017 Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin harin a kan Koriya ta Arewa, a Satumban 2018 kuma ma'aikatar shari'a ta Amurka ta tuhumi wani mai suna Park Jin Hyok da kasancewa cikin gungun da ake kira Lazarus. Koriya ta Arewa ta musanta.

Wanda ya ɗauka an ji jiki an gyara, to ranar 27 ga Yuni, mako shida da 'yan kwanaki bayan nan, wata manhajar mai suna NotPetya ta taso daga Yukiren, EternalBlue ɗin nan dai na cikin kayan aikinta. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk kaɗai ya yi asarar da ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

A shagon buga takardu

Duk sanda na tuna wannan lamari, ba asibitin Landan ke zuwa mini a rai ba, shagunan buga takardu ne na bakin makarantunmu. Kwamfuta huɗu ko biyar a jere, an haɗa su da waya don su raba na'urar bugawa ɗaya, wato dai SMB ɗin nan ne ke aiki ko mai shagon bai taɓa jin sunansa ba. Windows ɗin kwafi ce da mai gyara ya ɗora, kuma abu na farko da ya yi bayan ɗorawa shi ne kashe Windows Update, wato hanyar karɓar faci, wai tana shan data tana kuma rage gudu. Na sha tsayawa a irin wannan shago in ga ɗan saƙon nan ya leƙo a ƙasan allo yana neman a sake kunna na'ura, yaron shago ya kore shi da linzami ko karantawa bai yi ba, yana ce wa mai jira, "Yi haƙuri Malam, damunmu kawai yake yi." A cikin kwamfutar nan akwai kundin ɗalibai na shekaru da takardun neman aiki da hotunan fasfo, kuma babu kwafin ko ɗaya a wani wuri.

Maganar data gaskiya ce, ba na raina ta. Amma sabuntawar tsaro sau ɗaya take zuwa a wata, ana iya haɗa ta da lokacin garaɓasar dare. Wanda ke kan Windows 7 kuwa ya sani an rufe mata faci tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinta na yau da kullum ya cika 14 ga Oktoban 2025. In na'urar ba za ta ɗauki sabuwa ba, ko a ɗora mata Linux a madadin Windows, ko a cire ta daga intanet ta tsaya a aikin bugawa kawai. Shi tsohon SMB na farko, sababbin Windows ba sa zuwa da shi a kunne, sai dai wasu masu gyara kan kunna shi da hannu don wata tsohuwar na'urar bugawa ta yi aiki, su manta da shi a haka. Ya kamata mai shago ya tambaya.

Abin da ya fi raba wanda ya yi kuka da wanda ya yi tsaki kawai a ranar 12 ga Mayu shi ne kwafin ajiya. Mai kwafi ya wanke kwamfutarsa ya mayar da kayansa ya ci gaba. Sai dai kwafin da ke kan faifan da kullum yake soke a jikin kwamfuta ba kwafi ba ne, domin manhajar fansa tana bin duk faifan da ta gani ta kulle shi tare da uwar ɗakinsa. A kwafa, a zare, a jefa a aljihun tebur. Lokaci-lokaci kuma a soka a buɗe fayil biyu uku a tabbatar suna buɗuwa, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Wata dabara da ta ceci wasu tsiraru ta cancanci ambato, don ta saɓa wa abin da hannu ke saurin yi. Masu bincike na Faransa, Adrien Guinet da Benjamin Delpy, sun gano cewa a wasu tsofaffin Windows lambobin da aka haɗa mabuɗin buɗe fayilolin da su kan saura a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfutar. Suka fitar da manhajojin da ke tsamo su. Sharaɗin shi ne ba a kashe na'urar ba tun da ta kamu. Mafi yawan mutane kuwa da ganin jan allo suka zare wuta. Da wayar intanet suka zare suka bar na'urar a kunne, da wasunsu sun tsira da kayansu.

Shi kuwa Hutchins, jaridun Ingila sun tono sunansa da gidansu cikin kwana biyu, ya zama gwarzo ba da son ransa ba. A ƙarshen watan Yulin shekarar ya je taron masu kutse na DEF CON a Las Vegas, a farkon Agusta yana jiran jirgin komawa gida jami'an FBI suka kama shi. Tuhumar ba ta da alaƙa da WannaCry: tun yana matashi ya rubuta wata manhajar satar bayanan banki mai suna Kronos. Ya amsa laifi a Afrilun 2019. A Yuli alƙalin kotun tarayya a Milwaukee ya auna ɓarnar da ya yi a da da wadda ya hana, ya sallame shi ba tare da ƙarin zaman kurkuku ba, sai shekara ɗaya ta sa ido.

Adireshin nan na dala 10 da santi 69 bai zama tarihi ba. Shekaru bayan harin, kamfanin da ke riƙe da shi ya ci gaba da ganin kwamfutoci daga ƙasashe da dama suna zuwa suna tambaya, alamar tsutsar na kwance a cikinsu ba a wanke ba, ba a kuma sa facin watan Maris ɗin 2017 ba. Duk sanda aka kunna su sai ta farka ta nemi adireshin, a amsa mata, ta koma barci.